Kurakuran da ɗaliban tuƙin jirgin sama suka fi yi a tuƙi da na'urori da holdin

Ranar da malami ya fara saka maka gilashin nan da ke rufe maka waje, ba ka ganin komai sai na'urorin gabanka, ranar za ka gane jikinka ba abin yarda ba ne. Kuskuren da ya fi haɗari kenan, bin abin da kake ji. Akwai ruwa a cikin kunne da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko ka karkata, to idan jirgi ya daɗe a kwana sai ruwan ya lafa ya ce maka ai a miƙe kake, kana miƙe fukafukan kuma sai ka ji kamar ka kwanta ɗaya gefen, hannu ya fara ƙaiƙayin gyara abin da bai lalace ba. Dan Allah ka gaskata na'urar da ke nuna zaman jirgi ko da duk jikinka na musu.

Sai kafe ido wuri ɗaya. Altimita ta nuna ka sauka ƙafa 100, ka tsaya kallonta, kafin ka ankara hancin jirgi ya kauce digiri 20. Ido ya dinga yawo, ka leƙa tsayi ka dawo kan na'urar zaman jirgi da ke tsakiya, ka leƙa kamfas ka dawo. Kuma ka yi tirim, wato saitin da ke sa jirgi ya zauna da kansa ba sai kana danne sitiyari ba, in kana damƙe sitiyari har hannu na gumi jirgin bai zauna ba.

A holdin kuwa, wato zagayen jira da jirgi ke yi a sama a kan wani wuri da aka ayyana, yawancin rikicin tun kafin a iso wurin yake farawa. Kontirola, mai ba jirage umarni ta rediyo daga ƙasa, ya ba ka umarni, ka ce ka riƙe a ka. Rubuta shi, ka zana zagayen a takardar da ke cinyarka, ka sa kibiya daga inda kake tahowa, nan take za ka ga shigar da ta dace, kai tsaye ce ko faralel ko ta ɗigon hawaye mai digiri 30. Kwanar dama ake yi sai in an ce hagu, mutane da yawa a nan suke zamewa. Ni dai ina ganin ɗalibai na ɓata lokaci sosai kan wace shiga ce daidai alhali in kana kan iyakar biyu kowacce ka ɗauka ta yi, abin da ake so ka zauna a ɓangaren da aka tanadar maka, ka kuma rage gudu kafin ka iso.

Agogo ma ana yawan manta shi. Layin dawowa, wato wanda kake nufo wurin a kansa, ake so ya zama minti 1 in kana ƙafa 14,000 ko ƙasa, sama da haka minti ɗaya da rabi. Ka danna agogon fita lokacin da ka zo daidai gefen wurin, in ba ka iya gane hakan ba to da ka miƙe fukafukai. In dawowa ta ɗauki sakan 45 kawai, ƙara tsawon fita a zagaye na gaba, kar ka maimaita abu ɗaya kana fatan zai canza.

Iska ita ce ke karkata zagayen. In ka gyara da digiri 5 wajen dawowa, wajen fita ka ninka sau uku, digiri 15 ta inda iskar ke tahowa, saboda a cikin kwana ba ka gyara mata ba. Kwanar kuma digiri 3 a sakan ɗaya, kar ka ƙara kwantar da jirgi don ka ga za ka wuce layi.

Rediyo zai iya jiranka sakan biyar, ka fara daidaita jirgin tukuna. Amma kar ka zauna a holdin ba ka karɓi lokacin da za ka sa ran umarni na gaba ba, in rediyo ya mutu, da wannan lokacin za ka san yaushe za ka bar holdin, kuma tun a zagayen farko ka lissafa man minti nawa ya rage maka kafin dole ka nufi wani filin.