Kafin ka rushe gidan gado a Katsina

Da za mu rushe tsohon gidan mahaifinmu a Ƙofar Ƙaura mu gina gidajen haya, da magada muka fara. Kowa ya sa hannu, har yayarmu da ke aure a Daura. Kada ka tsallake wannan, shi ke kai 'yan'uwa kotu.

Sai ka nemo takardar shaidar mallaka. Mai zanen gini ya zana, injiniya ya duba, musamman in bene ne. Ka kai zanen zuwa Hukumar Tsara Birane ta jiha su duba filin, ka biya, ka adana rasit. Kada a taɓa bango sai izini ya fito a rubuce.

Ka zauna da mai unguwa da maƙwabta kan katangar da kuka haɗa, da tagogin da za su leƙa tsakar gidansu.