Yadda ake kare gyaɗa daga gubar fumfuna, daga gona har kasuwa

Gyaɗar da ake lodi daga kasuwar Gujungu ko Maigatari a Jigawa zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, ita ce ke komawa ƙuliƙuli da yajin tsire a cikin birni. Idan ta yi fumfuna, tana iya ɗaukar guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, tana kuma tsumburar da yara. Suya da dafuwa ba sa kashe ta. A shekarar 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125 a Kenya.

A fara tun daga gona. Akwai maganin Aflasafe da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, ƙasa na da danshi. Da gyaɗa ta nuna a tuge ta, domin wadda ta daɗe a busasshiyar ƙasa mai zafi takan tsage, gara ta huda kwanson, fumfuna ta samu ƙofa.

Wurin shanya ne aka fi yin asara. Kada a tara ta tsibi da ɗanyen ganye, cikin tsibin gumi yake yi. A juya ta 'ya'yan na kallon rana. Bayan an tsinke, a baza a kan tamfol, ba a ƙasa ba, a riƙa motsawa, a rufe da yamma saboda raɓa. Ta bushe idan ka girgiza kwanso ka ji ƙwayar na kaɗawa, ka ciza ta karye ƙas. Masu awo suna neman danshin kada ya wuce kashi 8 cikin ɗari. Yayyafa wa kwanso ruwa don ya yi saurin ɓarewa kuwa, a daina shi ɗungurum, aikin mako guda yake rushewa.

Sai tsinta. A fitar da duk ƙwayar da ta yamutse, ta fashe, ta sauya launi ko take da ƙurar kore a jiki. Kaɗan ce a mudu, amma a cikinta gubar ta fi taruwa. Abin takaici, ita ake sayar wa mata masu ƙuli da araha, su kuma yara su saya da kuɗin tara. Kada a sayar, kada a zuba wa kaji ko shanu, don gubar na fitowa a nonon saniya. A ƙone ta ko a binne da zurfi.

Wajen ajiya, gyaɗa ta fi daɗewa a cikin kwansonta. A zuba a buhu mai tsabta, a ɗora kan katako, a bar tazara da bango, a duba rufin rumbu kafin ruwan farko. Buhun da aka buɗe aka ji warin gumi, a zazzage shi a sake tsincewa kafin ya je kasuwa.