Yadda ake zaɓen abin da zai maye gurbin katako a dandamalin shan iska na harabar gida

Dandamalin katako da ake ɗagawa sama da ƙasa a harabar gida ta baya domin zama da shan iska, irin wanda ya zama ruwan dare a Amurka da Kanada, ya fara shiga sababbin gidaje a Abuja da Kaduna da Kano, sai dai katako ba ya jure yanayinmu ba tare da hidima mai yawa ba. Gara tana cinsa ta ƙarƙashi, ruwan damina yana kumbura shi, iskar hunturu tana busar da shi har ya tsage, kuma duk shekara ɗaya ko biyu sai an goge shi an sake shafa masa mai ko fenti. Akwai kayan da ba sa buƙatar wannan wahala, amma na lura masu farawa suna ƙare tunaninsu da kuɗinsu a kan allon da ƙafa za ta taka, su manta da abin da zai ɗauki allon, kuma daga nan ne yawancin aikin yake lalacewa.

Mataki na farko shi ne a auna tsayin dandamalin daga ƙasa, domin shi ne zai rage zaɓin. Idan bai wuce kamar rabin mita ba, ra'ayina shi ne a daina neman kayan waje gaba ɗaya: a ɗora bulo, a cika ciki da jar ƙasa a daddaɓe ta sosai, a zuba kankare, a shimfiɗa tayil mai kaushi na waje. Kowane magini ya iya wannan aiki, kuma ba a sake bin sa da komai sai shara da wanki. Sharaɗin kawai shi ne a karkatar da saman kaɗan, kimanin santimita 2 a kowace mita, yadda ruwa zai gudu nesa da bangon gida, kuma kada a yarda da tayil mai sheƙi na falo, domin da zarar ya jiƙe zai kayar da yaro ko tsoho. Idan kuwa tsayin ya kai mita ɗaya ko fiye, ko kuma filin gangare ne, cikon ƙasa zai yi tsada da nauyi, don haka sai a koma ga alluna a kan firam, wato ginshiƙai da sandunan da za su ɗauki allunan.

Mataki na biyu shi ne zaɓen allon, kuma iri uku ne suka cancanci a duba. Na farko shi ne allon da ake haɗawa da garin katako da roba, wanda kamfanoni irin su Trex na Amurka suka yi fice da shi tun shekarun 1990. Ba a yi masa fenti, ba ya tsaga ya soki ƙafa, amma a tabbata an sayi wanda aka lulluɓe samansa da ɓawon roba, saboda tsohon samfurin da ba shi da wannan ɓawo yana shan ruwa da maiƙo, yana yin baƙin fumfuna, launinsa kuma yana kodewa. Na biyu shi ne allon roba zalla na PVC, wanda babu ko ƙwayar katako a cikinsa, saboda haka gara ba ta da abin ci a jikinsa; ya fi na farko rashin nauyi, ya fi shi tsada, ya kuma fi shi miƙewa da ƙanƙancewa idan zafi ya sauya. Na uku shi ne alminiyam, wanda ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma shi ne mafi tsada, kuma yana ƙara idan ana tafiya a kansa ko ruwan sama yana dukansa. Dukkansu yawanci daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala, kuma yana da kyau a sayi ƙarin alluna biyu ko uku a ajiye, tunda samun launi ɗaya bayan shekaru ba tabbas ba ne.

Kowane iri aka zaɓa, kada a sayi mai duhun launi. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Kano ko Sakkwato, allon roba mai launin baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu yana ɗaukar zafin da ba a iya taka shi da ƙafa tsirara, alhali mu mutane ne masu cire takalmi mu shimfiɗa tabarma. A karɓi guntun samfuri daga mai sayarwa, a bar shi a rana har ƙarfe biyu, sannan a ɗora tafin hannu a kai kafin a biya kuɗi.

Mataki na uku shi ne firam, kuma a nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya. Na ga gidajen da aka sayi alluna masu tsada waɗanda ke da garantin shekara 25, aka ɗora su a kan firam ɗin katakon da kafinta ya saya a kasuwa ya shafa masa baƙin mai, bayan ɗan lokaci gara ta cinye ƙasan, alluna suna nan lafiya lau amma dandamalin yana lotsawa. Wanda ya guji katako a sama ya ajiye shi a ƙasa, inda danshi da gara suka fi yawa kuma ido ba ya gani, bai guje wa komai ba. Firam ɗin ya zama na ƙarfe galbanayiz, wato wanda aka yi wa rufin tutiya, ko na alminiyam, a kafa shi a kan ginshiƙan kankare da suka ɗago sama da ƙasa, yadda ƙarfen ba zai zauna cikin ruwa ko laka ba. Walda tana ƙone rufin tutiyar, saboda haka duk inda mai walda ya taɓa sai an goge an shafa fentin hana tsatsa mai tutiya, kuma wannan ne abin da ake yawan tsallakewa saboda gaggawa. Idan an haɗa alminiyam da baƙin ƙarfe, a sa roba a tsakaninsu, domin haɗuwarsu a cikin danshi tana cinye alminiyam ɗin.

Sai tazarar sandunan da alluna za su kwanta a kai. Allon roba ba shi da taurin katako, yana lanƙwasawa, musamman idan ya yi zafi. Yawancin kamfanoni suna cewa tazarar kada ta wuce santimita 40 daga tsakiyar sanda zuwa tsakiyar ta kusa da ita, kuma idan za a jera allunan a karkace sai a rage zuwa 30. Mai walda zai so ya buɗa ta zuwa 60 domin a rage ƙarfe, kuma a ranar da aka gama ba za a ga bambanci ba, amma bayan bazara ɗaya saman zai yi tudu da kwari, ruwa ya riƙa kwanciya a ciki. Ni a yanayinmu 30 nake ba da shawara ko da a miƙe za a jera su, domin zafinmu yana ƙara wa allon lanƙwasawa. A kuma bar ƙarƙashin a buɗe iska ta riƙa ratsawa, kada a toshe gefuna da bulo.

Wajen ɗaurawa, a bar kimanin milimita 5 tsakanin allo da allo domin ruwa da ƙura su zube, a kuma bar sarari a bakin kowane allo da wajen bango, tunda allon da aka yanka da sanyin safiyar hunturu zai ƙara tsawo a zafin bazara, idan bai sami wuri ba sai ya tashi sama. Takardar kamfanin tana nuna yawan sararin gwargwadon zafin ranar da ake aiki, kuma ita za a bi. A yi amfani da maƙalan da aka sayar tare da allunan da kusoshin murɗawa marasa tsatsa, kada a buga kusar kafinta.

Idan tsayin ya wuce kimanin santimita 75, a kewaye shi da shingen ƙarfe mai tsayin aƙalla santimita 90, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 10 don kada kan yaro ya shige. Kulawar da ta rage ita ce shara, da wanki da ruwan sabulu da buroshi mai laushi bayan ƙurar hunturu da ƙarshen damina, da leƙa ƙarƙashi sau ɗaya a shekara a duba wuraren walda. Kada a ɗora murhun gawayi ko kaskon turare kai tsaye a kan allon roba, domin yana narkewa, kuma tabon ba ya gyaruwa sai dai a cire allon a sa wani.