Yadda za ka ga fiyod na Norway a yini guda

Idan ka samu kanka a birnin Bergen kuma yini ɗaya kacal gare ka, ga hanyar da nake so ka bi ka ga fiyod, wato dogon reshen teku mai zurfi da ya kutsa tsakanin tsaunuka. Ka kama jirgin ƙasan safe mai zuwa Oslo, ka sauka a Myrdal, can bisa tsauni, sama da mita 860 daga teku. Nan za ka canja zuwa jirgin Flåm. Kilomita 20 ne kawai, amma sai ya ci kusan awa guda, saboda tsananin gangara da ramuka 20 da aka fasa cikin dutse. Idan ya tsaya a Kjosfossen, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ka fito, ko da feshin ruwan zai jiƙa maka fuska.

A Flåm ka shiga jirgin ruwa mai zuwa Gudvangen, tafiyar kamar awa biyu. Don Allah kada ka zauna ciki bayan gilashi. Ka sa rigar sanyi da ta ruwa ka fita waje, don a nan abin yake. Wannan kwarin ƙanƙara ce ta rarake shi, tana jan ciki daga tsaunuka shekaru aru-aru, da ta narke sai teku ta malalo ta cike wurin. Shi ya sa dutsen ke miƙe tsaye daga cikin ruwa ba tare da gaɓa ba. Duk rassan wani babban fiyod ne kake bi mai suna Sognefjord, shi kuwa ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa kuma ya wuce mita 1,300 a wani wurin. Ka buɗe ido a Nærøyfjord, inda ruwan ke matsewa zuwa kimanin mita 250, gonaki 'yan mitsi-mitsi na maƙale a gindin dutse. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Daga Gudvangen bas zai kai ka Voss, sai jirgin ƙasa ya mai da kai Bergen.

Ni dai na fi son Mayu zuwa Yuni, lokacin da ƙanƙarar tsaunuka ke narkewa, ruwa na kwararowa ta ko'ina. Ka yanki tikiti tun da wuri, ka riƙe guzurinka don abinci akwai tsada. Ka kuma duba lokutan salla kafin ka fita: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Bergen sai wajen ƙarfe 11 na dare.