Yadda ake sa wa gefunan teburin sanuka sabon yadi da gam na feshi

1. Kwance gefuna shidan, ka sa wa kowanne lamba don ya koma gurbinsa.

2. Zare siririn katakon da ke cikin rami a saman gefen, a hankali, don saurin karyewa gare shi. Cire tsohon yadi, ka kankare busasshen gam.

3. Yanka yadi mai faɗin santimita 15, tsawonsa ya zarce gefen kaɗan. Cusa bakinsa a ramin, ka buga siririn katakon daga tsakiya zuwa ƙarshe kana jan yadin.

4. Juya gefen. Rufe robar gefen, wadda ƙwallo ke duka, da takarda, ka fesa gam a katakon ƙasa kaɗai, daga nisan santimita 20. Gam a kan roba yakan ratso yadi, ya taurare, ƙwallo ta daina dawowa daidai.

5. Jira ya yi danƙo. A zafin garin Garwa (Kamaru) na watan Maris minti ɗaya ya isa. Lokacin hunturu kuwa rufe taga, ƙura na kashe gam.

6. Ja yadin daga tsakiya, ka danna. Wajen aljihu (ramin da ƙwallo ke faɗawa) ka naɗe shi, ka ƙara da ƙananan ƙusoshi, don nan yake fara saki.