Yadda Ake Bin Diddigin Rayuwar Mai Zanen Gini Ɗan Sikotland da Ya Gaji Sana'a a Gida

Duk wanda ya ƙudiri niyyar rubuta tarihin wani mai zanen gini daga Sikotland da ya yi aiki a kamfanin gidansu, abin da zai fara shan kansa shi ne suna, domin uba da ɗa, wani lokaci har da 'yan'uwa, suna sa hannu a takarda da sunan kamfani ɗaya, kuma sau da yawa ɗan yakan ci sunan mahaifinsa. Don haka sai an rarrabe mutanen tukuna kafin a taɓa maganar gini.

A fara da shekarun haihuwa da rasuwa. Tun daga 1855 hukuma ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotland, kafin nan kuwa littattafan coci-coci ne abin dogaro, kuma ana samun su duka a shafin ScotlandsPeople, tare da wasiyyoyi da takardun ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921. Kada a raina ƙidayar, domin tana bayyana sana'ar kowane mutumin gida, ta yadda za a iya ganin shekarar da aka rubuta saurayi a matsayin mai koyon sana'a alhali yana gaban mahaifinsa. Daga nan sai a duba rumbun Dictionary of Scottish Architects da ke intanet, wanda ya ware wa mutum shafinsa, ya ware wa kamfani nasa.

Mataki na gaba shi ne a jera shekarun a takarda guda, a ɗora gine-ginen a kansu. Iyalin Burnet na Gilasgo misali ne mai kyau. An haifi John Burnet a 1814, ɗansa John James Burnet kuma a 1857, ɗan ya yi karatu a Faris, sannan a 1882 kamfanin ya koma John Burnet & Son. Ginin kasuwar hannun jari ta Gilasgo na shekarun 1870 aikin uban ne, sashen Sarki Edward na Bakwai na gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda aka buɗe a 1914, na ɗan ne ba shakka. Shekarun da ke tsakani su ne masu wuya, kuma a nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin tun a 1878 ɗan ya ci gasar zanen ginin cibiyar fasaha ta Gilasgo, shekara huɗu ke nan kafin kalmar ɗa ta shiga sunan kamfanin. Ranar da aka sauya suna ba ita ce ranar da alƙalami ya sauya hannu ba.

Abin da ya fi raba gardama shi ne zanen kansa. Har zuwa 1975 kotun Dean of Guild ce ke ba da izinin gini a biranen Sikotland, kuma zanen da aka miƙa mata na nan a ma'ajiyar takardun birane irin su Edinbura da Gilasgo. Idan aka shimfiɗa takardar, a fara duban kusurwar ƙasa, inda ake sa kwanan wata da adireshin ofis, wani lokaci har da haruffan farko na sunan wanda ya ja layukan, sannan a kwatanta rubutun hannun da na wasiƙun da aka tabbatar da mai su. Shi kuwa adireshin, ana iya gwada shi da littattafan adireshi na gidan waya waɗanda babban ɗakin karatu na ƙasar ya ɗora a intanet. Takardun neman shiga RIBA, ƙungiyar masu zanen gini ta Birtaniya, ma suna da amfani ƙwarai, tunda mai neman yakan bayyana inda ya koyi sana'a da ayyukan da ya yi.

Wajibi ne kuma a kula da wanda shaharar ɗan'uwansa ta danne, kuma a ganina wannan shi ne babban haƙƙin da ke wuyan mai bincike. Da mai zanen gini William Adam ya rasu a 1748, babban ɗansa John ne ya karɓi ragamar sana'ar, ya jawo ƙaninsa Robert. An tsara gidan Dumfries House a 1754, a shekarar ce kuma Robert ya tafi Italiya, bai dawo ba sai a 1758, ya zauna a Landan, ya bar John yana kula da ginin har aka kammala shi a 1759. Duk da haka sunan Robert ne a bakin jama'a, kuma wanda ya tsaya ga zane kusan 9,000 na ofishinsa da ke gidan tarihin Sir John Soane kaɗai ba zai ga wahalar da wan ya sha a wurin aiki ba. Wannan sai a takardun biyan kuɗi da wasiƙun masu gida ake gano ta.

Jawaban yabo da jaridun sana'a ke bugawa bayan rasuwa, a ɗauki shekarun da ke cikinsu a gwada su da sauran takardu, domin galibi abokai da almajirai ne ke rubuta su. Sa'ad da aka zo rubutu, ginin da aka samu sa hannu ko wasiƙa a kansa a jingina shi ga mutumin, wanda ba a samu ba kuma a rubuta shi da sunan kamfanin, tare da faɗin waɗanda ke ofishin a wannan shekarar.