Kurakuran da aka fi yi wajen hasashen 'yan wasan farko na ƙungiyar jami'a a ƙwallon Amurka

Daga watan Janairu da ake kammala gasar ƙwallon Amurka ta jami'o'i zuwa ƙarshen Agusta da ake buɗe sabuwar kaka, masu sharhi da magoya baya kan duƙufa wajen jero sunayen waɗanda suke ganin za su fara wasa a ƙungiyoyi irin su Alabama, Ohio State, Georgia da Clemson. Da yawa daga cikin waɗannan hasashe kan rushe kafin watan Satumba ya ƙare, kuma dalilan rushewar ba su cika canzawa ba.

Wanda ya taso da kallon gasar Firimiya yakan fara tuntuɓe ne tun a wajen ƙidaya, domin sai ya rubuta sunaye 11 ya ɗauka ya gama. A wannan wasa babu iyaka ga sauyin 'yan wasa, saboda haka akwai mutum 11 na kai hari, da wasu 11 na daban na tsaron gida, sannan ga masu bugun ƙwallo da ƙafa da masu tarbar ta su ruga da ita. Hasashen da ya cika shi ne wanda ya kawo sunaye 22 tare da waɗannan ƙwararru. Haka kuma a ɓangaren tsaro ana yawan kwafo tsohon tsari na mutum huɗu a gaba, uku a tsakiya, huɗu a baya, alhali ƙungiyoyi da dama yanzu sun fi daɗewa a fili da mutum biyar a baya saboda yawan jifa da abokan karawa ke yi. Gyaran a nan shi ne a duba tsarin da kocin ya fi amfani da shi a kakar da ta wuce kafin a fara cike gurabe.

Kuskuren da ya fi wannan girma shi ne ɗauko jerin bara, a soke waɗanda suka kammala karatu, a ɗaga na bayansu. Wannan hanya ta yi aiki a da, amma dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, sun canza. Ɗan wasan da ya yi shekara uku da barin sakandare yana iya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ya bar jami'a, kuma tun daga Oktoban 2018 akwai rajista ta musamman da mai son sauya jami'a ke shigar da sunansa, sannan daga 2021 aka daina tilasta masa zaman shekara guda kafin ya buga wa sabuwar ƙungiyarsa. A watan Mayun 2018 Joe Burrow, wanda kwatabak ne, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, ya bar Ohio State zuwa jami'ar LSU bayan atisayen bazara, inda a 2019 ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i tare da kofin ƙasa. A Afrilun 2025 Nico Iamaleava, kwatabak ɗin da ya kai Tennessee gasar share fage ta neman kofi, ya rabu da ƙungiyar daf da wasan bazara, wato wasan gwaji da 'yan ƙungiya ke bugawa tsakaninsu, ya koma jami'ar UCLA. Saboda haka wajibi ne mai hasashe ya sanya kwanan wata a kan aikinsa, ya kuma sake duba shi aƙalla sau uku: bayan an san masu tafiya NFL a Janairu, bayan atisayen bazara, da kuma a ƙarshen sansanin atisaye na Agusta.

Akwai kuma masu ɗaukar wanda ya fara wasan buɗe kaka a matsayin wanda ya mallaki gurbin. A 2016 Blake Barnett ne ya fara wa Alabama wasa a matsayin kwatabak a karawa da jami'ar USC, amma kafin a tashi Jalen Hurts, ɗan shekarar farko, ya karɓe ragamar har ƙarshen kaka. Labarin Clemson na 2018 ya fi nuna yadda lamarin yake. Kelly Bryant, wanda ya kai ƙungiyar wasan kusa da na ƙarshe a kakar 2017, shi ya fara wasanni huɗu na farko, sannan koci Dabo Swinney ya miƙa gurbin ga Trevor Lawrence. A shekarar ne aka fara aiki da dokar da ta bai wa ɗan wasa damar buga wasanni har huɗu ba tare da an lasafta masa shekarar cikin shekarun da aka ƙayyade masa na buga wasan jami'a ba, don haka Bryant ya tattara nasa ya nasa, daga baya ya koma Missouri. A wasan da ya biyo baya da Syracuse, Lawrence ya ji rauni, sai Chase Brice, wanda a watan Agusta ba a sa shi a lissafi ba, ya shigo ya ƙarasa wasan da nasara 27 da 23. A ganina, duk inda koci ya rubuta sunaye biyu a gurbi ɗaya ya raba su da “ko”, ya kamata mai hasashe ya bar su a haka, ya faɗi wanda ya fi kyautata wa zato da hujjarsa, maimakon ya nuna kamar an riga an yanke magana.

Wannan ya kawo mu ga rashin kula da na biyu da na uku a kowane gurbi. Ƙasa da mako biyu kafin buɗe kakar 2014, Braxton Miller, kwatabak ɗin Ohio State, wanda sau biyu a jere aka zaɓa gwarzon ɗan wasan hari na rukunin Big Ten, ya ji rauni a kafaɗa wurin atisaye. J.T. Barrett, da bai taɓa buga wasan jami'a ba, ya maye gurbinsa har ya karye a idon sawu a karawa da Michigan. Cardale Jones, na uku a layi, shi ya doke Wisconsin 59 da nema, ya doke Alabama 42 da 35, ya kuma doke Oregon 42 da 20 a wasan ƙarshe. Duk jerin da ya tsaya a sunan Miller kaɗai bai gaya wa mai karatu komai ba game da ƙungiyar da ta ɗauki kofin.

Taurarin da kamfanonin tantance ɗaliban sakandare ke bayarwa don auna ƙwarewar ɗan wasa, inda biyar ne mafi girma, su ma suna ruɗi. JT Daniels mai taurari biyar ne ya fara wa Georgia kakar 2021, amma Stetson Bennett, wanda ya shigo jami'ar ba tare da tallafin karatu na wasanni ba, shi ya ƙarasa ta da kofi. Wasan bazara ma ba abin dogaro ba ne sosai, tunda galibi ba a yarda a taɓa kwatabak a cikinsa, masu jinya suna zaune a gefe, wasu sababbin ɗalibai kuma sai Yuni suke isowa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne layin gaba na mutum biyar masu kare kwatabak da buɗe wa mai gudu hanya, watakila domin sunayensu ba su cika fitowa a labarai ba. Masu horarwa kan zaɓi biyar mafi ƙwarewa ne, sannan su raba musu wurare, don haka idan na gefen hagu ya tafi, ana iya ɗauko na gefen dama a mayar can, a fito da ɗaya daga ciki zuwa gefe, a bai wa sabo gurbin da ya rage. Tafiyar mutum ɗaya ta taɓa gurabe uku ke nan. Mai hasashe zai fi kusantar daidai idan ya ƙidaya yawan wasannin da kowannensu ya taɓa farawa, ya kuma bi rahoton waɗanda ake jerawa tare a rukunin farko a makon ƙarshe na sansanin Agusta.